Rumbu da Kututture: Darasi Daga Ƙasar Nijar

Darasinmu na wannan wata a kan abinci ya ke. Yawancinmu manoma ne, ko kuwa 'ya'yan manoma. Mun san yadda gaban maigida ya kan faɗi sa'an da ya leƙa rumbu a watan Yuli, ya ga dami biyar ko shida kaɗai suka rage, alhali kuwa gero bai ko yi ciki ba. Wannan tsoro na gida ɗaya shi ne tsoron ƙasa dukanta. Tambayar guda ce: ko mutane za su sami abin da za su ci, mai isarsu, tun daga wannan kaka har zuwa waccan?

Za mu ɗauki ƙasa ɗaya mu duba, watau Jamhuriyar Nijar. Waɗansunmu a cikinta su ke zaune, sauranmu kuwa kasuwa ɗaya mu ke ci da ita, ruwan sama ɗaya kuma mu ke jira.

Ƙasar da mutanenta

Nijar babbar ƙasa ce, ta fi Nijeriya faɗi, amma wajen kashi biyu cikin uku nata hamada ne. Noma a kudu a ke yinsa, cikin wata siririyar ɗamara da ta taso daga Dosso, ta bi ta Tawa da Maraɗi da Damagaram, har zuwa Diffa. Damina wata uku ce ko huɗu. Gero shi ne babban abinci, sa'an nan dawa da wake. A gonar talaka hekta ɗaya, watau wajen eka biyu da rabi, ta kan ba da gero buhu huɗu ko biyar, in shekara ta yi kyau.

Sa'an da ƙasar ta sami mulkin kai a shekara ta 1960, mutanenta ba su kai miliyan 4 ba. Ƙidayar 2012 ta sami miliyan 17. A 2023 an ƙiyasta sun wuce miliyan 25. Sai mu riƙe waɗannan lambobi a zuciya, gama za mu komo kansu. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yanzu jikoki shida ko bakwai ne su ke rabonta.

A zamanin kakanni, in gona ta gaji sai a bar ta ta huta shekaru, ta zama saura, itatuwa su tsiro a ciki, Fulani su zauna su zuba mata taki. Da mutane suka yi yawa, hutun ya ragu, daga baya ya ƙare sarai. Ga kuma gyaɗa. Tun zamanin mulkin Faransa a ke matsa wa manoma su shuka ta domin su sami kuɗin haraji, bayan mulkin kai ma ita ce babbar hajar da ƙasar ta ke sayarwa waje, har aka kafa mata kamfanin SONARA a 1962. Malaman gona na lokacin sun koya wa mutane cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ta ƙal, ba itace, ba kututture, domin garmar shanu ta wuce ba tuntuɓe. Manoma da kansu suna da nasu dalili: itace yana jawo tsuntsu, inuwarsa kuma tana danne shuka. Sabo da haka ko wace bazara a kan yi sassabe, a sare dukan abin da ya tofo, a tara, a sa wuta. Wanda ya bar sabara ko kalgo a gonarsa, sunansa rago.

Akwai wani dalili kuma da ya fi waɗannan nauyi, za mu zo kansa a gaba.

Shekarun wahala

Yunwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tsofaffi sun ba ko wace babbar yunwa sunanta, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Amma farin da ya soma a 1968, ya tsananta a 1972 da 1973, ya sami gonakin Nijar tsirara. Dabbobi suka mutu ba iyaka. Mutane suka bar garuruwansu suka taru a bakin birane suna jiran taimako. A watan Afrilu na 1974 soja suka kawar da Shugaba Diori Hamani, Seyni Kountché ya hau, cikin dalilan da suka bayar kuwa har da cewa hatsin taimako ba ya kaiwa ga mayunwata. A 1975 kuturtar gyaɗa ta gama da abin da fari ya rage na noman gyaɗa.

Shekara goma bayan wannan, a 1984, ruwa ya sake ɗaukewa. A shekaran nan ne kuma gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya. Hatsin da ya saba haurawa arewa ya tsaya, matasan da suka saba zuwa cin rani suka rasa hanya. Mutanen Nijar suka raɗa wa wannan yunwa suna El-Buhari. Sunan da kansa darasi ne: sun gane cewa rufe hanya ya yi musu ɓarna kamar yadda rashin ruwa ya yi.

Gwamnati da masu taimako daga ƙasashen waje sun ga hamada tana matsowa, suka ce maganinta dashen itatuwa. Aka kafa wuraren renon itace, aka kashe kuɗi mai yawa, aka rarraba dogon yaro da turare da waɗansu irin na baƙi. A kwarin Majiya, a jihar Tawa, layukan dogon yaro da aka soma dasawa a 1975 domin tare iska sun kama, sun yi amfani. Amma a yawancin wurare dashen ya mutu. Rana ta ƙone waɗansu, gara ta ci waɗansu, awaki suka ƙarasa sauran. Wa zai ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba ashirin ya ba itacen da ba nasa ba?

Abin da aka gani a gefen hanya

Cikin masu wannan aikin dashe akwai wani saurayi mutumin Ostireliya, sunansa Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ta SIM a Maraɗi. Ya yi wajen shekara biyu yana jigilar 'ya'yan itatuwa zuwa ƙauyuka, yana ganinsu suna mutuwa, har ya kusa fid da zuciya. Wata rana a shekara ta 1983 ya tsaya a hanya domin ya rage iskar ƙafafun motarsa sabo da yashi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi irin wanda ke ko ina cikin gonaki, wanda kullum ya ke ɗauka ciyawar banza ce. Ya matsa kusa, ya duba ganyen. Ashe itace ne. An sare shi tun da daɗewa, amma kututturen yana da rai, saiwarsa ta yi zurfi cikin ƙasa, ko wace shekara yana tofo, ko wace shekara kuma ana sare tofon.

Bari mu tsaya a nan kaɗan, gama nan ne zuciyar darasin. Ɗan itacen da aka dasa, dole ya yi saiwa tukuna, ya nemi ruwa, kafin ya yi girma. Shi ya sa rani ɗaya ke kashe shi. Kututture kuwa ya riga ya gama wannan aiki shekara ashirin ko hamsin da suka wuce. Saiwarsa ta kai ga laima, tana da ajiyar abinci a ciki. Abin da ya hana shi zama itace abu biyu ne: gatarin bazara, da yawan tofo. Rassa ashirin ko talatin su kan fito daga kututture ɗaya suna ƙwace wa juna abinci, ba wanda ke yin tsawo. In aka rage su, aka bar kaɗan masu ƙarfi, dukan ƙarfin saiwar sai ya tafi gare su. Cikin shekara biyu ko uku sun wuce tsawon mutum. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba, ba a nemi komi ba sai wuƙa ko ƙaramin gatari.

Kada mu ce Bature ne ya ƙago wannan. Manoman ƙasar Damagaram sun daɗe suna kiyaye gawo, har ana ba da labari cewa sarakunansu na dā sun sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi. A wurare da yawa manoma sun soma barin tofo da kansu, ba wanda ya koya musu. Abin da Rinaudo da abokan aikinsa 'yan ƙasa suka yi shi ne, sun gane darajar abin da kowa ke takawa, suka nace a kansa. Mutane suka sa wa dabarar suna sassaben zamani.

Da fari manoma goma sha wani abu ne kaɗai suka yarda su gwada, maƙwabtansu suna yi musu dariya, waɗansu ma suna zuwa da dare suna sare itatuwan. Da yunwar 1984 ta zo, aka shirya ba da hatsi a bakin aiki a garuruwa wajen 100, da sharaɗin kowa ya bar itatuwa a gonarsa. Aka bar wajen 500,000. Da aka daina ba da hatsin, kashi biyu cikin uku na manoman suka sare nasu. Ba za mu ga laifinsu ƙwarai ba. Abin da mutum ya yi domin mudun hatsi, ba lalle ya gaskata da shi ba. Amma kashi ɗayan da suka bar nasu sun isa. Maƙwabta suka ga geronsu bai lalace ba, suka ga suna da itacen girki da na sayarwa. Ido ya yi aikin da baki ya kasa.

Na wane ne itacen?

Yanzu sai mu komo kan dalilin nan mai nauyi da muka ajiye. Tun dokar gandun daji ta Faransawa ta 1935, da wadda Nijar ta yi a 1974, itatuwa masu daraja a hannun hukuma su ke, ko da a tsakiyar gonar mutum suka tsiro. Wanda ya sare reshen gawo ba takardar izini, ma'aikatan gandun daji su ci shi tara. An yi dokar domin a kiyaye itatuwa, amma ga abin da ta haifa: manomi ya ga itace a gonarsa jawo masa masifa ne kawai, gwamma ya kashe shi tun yana ƙarami, kafin ma'aikaci ya gan shi. Mu ma da a matsayinsa mu ke, haka za mu yi.

A jihar Maraɗi ma'aikatan suka yarda su sassauta, aka ce wanda ya reni itace a gonarsa yana da iko ya amfana da shi. Daga baya doka ta bi sawu: dokar ƙasar noma ta 1993, da sabuwar dokar gandun daji ta 2004, sa'an nan a watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka musamman a kan sassaben zamani, wadda ta tabbatar wa manomi itacen da ya rena. A garuruwa kamar Ɗan Saga, a yankin Agye, mutane suka kafa 'yan kwamitin tsaro, maza da mata, har da makiyaya a ciki, suka sa tara a kan ɓarawon itace. A ganinmu, da ba a warware wannan magana ta mallaka ba, da dabarar ta mutu a garuruwa goma, kome kyaunta.

Shekara ashirin abin yana yaɗuwa daga gona zuwa gona, manyan duniya ba su sani ba. Sai daga 2004 waɗansu masana, Chris Reij da Gray Tappan da abokan aikinsu 'yan Nijar, suka gwada hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 da sababbi. Suka yi mamaki. Inda mutane suka fi yawa, nan itatuwa suka fi ƙaruwa. Suka ƙiyasta hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, yawancinsu a jihohin Maraɗi da Damagaram. A Magarya da Matamaye da Mirya gawo ya rufe gonaki. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar girma a ƙasar Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso wanda ya rayar da ƙasar da ta mutu ta wurin haƙa ƙananan ramuka yana zuba taki a ciki. Wannan dabara tasa ita ce manoman Illela suka ɗauko, suna kiranta tassa.

Ina ruwan itace da rumbu?

Wani zai ce, ai ba a tuwo da itace. Gaskiya ne, amma mu duba. A gonar da ba itace, iskar farkon damina ta kan kwaso yashi ta yanke shuka ko ta binne ta, har manomi ya yi shuka sau uku ko huɗu, iri ya ƙare, damina ta yi nisa. Itatuwa suna karya ƙarfin iska, shuka ɗaya ta kama. Ganyen da ke zuba yana zama taki, gara tana jan shi cikin ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Gawo kuwa ya fi su duka, gama halinsa dabam ne: da damina ya ke zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana; da rani ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, suna barin kashi. Saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa irin abincin da mu ke saye cikin buhun takin zamani. Kowa ya ga geron gindin gawo ya san bambancin.

Masanan nan sun lasafta cewa ƙarin hatsin ya kai tan 500,000 a shekara, watau buhu miliyan 5, abincin mutum miliyan biyu da rabi. Ƙiyasi ne, an gina shi a kan ƙarin buhu ɗaya a ko wace hekta. Buhu ɗaya ba abin kirari ba ne a wurin attajiri. A gidan da rumbu ke ƙarewa a watan Yuli, shi ne tuwon sati biyu ko uku na ƙarshen damina, lokacin da a ke jinginar da gona.

Sa'an nan akwai shekarar da gero ya ƙi sam. Itace ba ya mutuwa domin fari na shekara ɗaya. Mai itatuwa ya sare reshe ya kai kasuwa ya auno hatsi. Matarsa ta sami ganyen kuka, da magarya, da aduwa, ta ci, ta sayar. Matan Mirya sun shahara da cinikin kuka. Awakinsa suna da abin ci, ba dole ya sayar da su a bakin kuɗin kaza ba.

Abin da itace bai iya ba

Kada fa mu ɗauka magana ta ƙare. A shekara ta 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a arewacin ƙasar. Giɓin hatsin ƙasa ya kai tan 223,000, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na bukatarta ba. Duk da haka 2005 ta zama shekarar kuka. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu ciwon tamowa mai tsanani, yawancinsu kuwa a jihar Maraɗi, wadda a ke kira rumbun ƙasa, inda kuma sassaben zamani ya soma. Shugaba Mamadou Tandja ya ce ba yunwa a ƙasar. Ta wata fuska akwai abin da ya gani: kasuwanni cike su ke da hatsi. Kuɗin saye ne babu.

Ga yadda abin ya ke tafiya, mun kuwa san shi a garuruwanmu. Da kaka talaka yana da bashi, da biki, da tufafin yara, sai ya sayar da geronsa lokacin da kowa ke sayarwa, da araha. Ɗan kasuwa ya tara. A shekaran nan hatsi ya yi tsada a Nijeriya, sabo da haka buhunan suka bi hanyar Jibiya da Katsina zuwa kasuwar Dawanau a Kano, waɗansu ƙasashen maƙwabta kuma suka hana fitar da nasu. Da damina ta zo, manomin da ya sayar da tiya ya komo yana sayenta ninki biyu ko fiye. Ya ci bashin buhu ɗaya zai biya biyu da kaka. Ya bar tasa gona ya tafi ƙwadago a ta wani, tasa ta yi ciyawa, baɗi rumbunsa ya fi na bana ƙanƙanta. Masu bincike sun tarar garuruwan da ke da itatuwa sun fi jimrewa, amma ba su kuɓuta sarai ba.

An gwada magunguna. Akwai bankin cimaka, watau rumbun gari, inda a ke sayen hatsi da kaka a sayar wa 'yan gari da rangwame da damina. Da yawa sun rushe domin an ba da bashi ba a biya ba, ko masu riƙon mabuɗi sun ci amana. Akwai kuma jinginar hatsi, wadda aka soma yaɗawa wajen 1999: ƙungiyar manoma ta zuba hatsinta a sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun ba da rance. A ba manomi rance ya biya bukatarsa ta kaka, ya yi sana'ar rani, ya biya, ya karɓi hatsinsa lokacin da ya yi daraja. Wannan ta fi kama hankalinmu, gama kwaɗo biyu sun fi alkawarin mutum ɗaya. Hanya ma ba ta daina rufuwa ba: bayan juyin mulkin Yuli 2023 an sake rufe iyakar Nijeriya da Nijar har zuwa farkon 2024, abinci ya yi tsada a ɓangarorin biyu.

Ga kuma lambobin nan da muka ce a riƙe. Ƙarin abincin mutum miliyan biyu da rabi babban abu ne, amma Nijar tana ƙaruwa da mutum kusan miliyan ɗaya ko wace shekara. Cikin shekara uku sababbin bakuna sun cinye ribar aikin shekara ashirin. Itace ya sayo wa ƙasar lokaci. Sauran aikin, na iri mai saurin nuna, da noman rani, da sito, da hanya, da karatun yara domin kada dukansu su dogara ga gona ɗaya, yana nan yana jira.

Yadda a ke yi

Wanda ya ke so ya gwada a bazarar bana, ga hanya. Kafin ka sa gatari, zaga gonarka ka ƙidaya kututturan da ke tofo. Za ka yi mamakin yawansu. Zaɓi irin da ka ke so: kalgo, sabara, taramniya, magarya, aduwa. Masu farawa su kan bar wajen 40 a hekta, daga baya su ƙara in sun ga amfani. A ko wane kututture zaɓi rassa uku zuwa biyar waɗanda suka fi tsawo da miƙewa, ka sare sauran. Waɗanda ka bari, ka share musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu, kada ka wuce haka, domin iska ko akuya kada ta karya su. Wuƙar ta zama mai kaifi, saran kuma daga ƙasa zuwa sama, gama saran da ya zo daga sama ya kan tsage ɓawo, ciwo ya shiga. Rassan da ka sare, bar ganyensu a gona, itacen ka kai wa uwargida. Ka komo bayan wata biyu ko uku ka rage sabon tofo. In sun yi kauri, kana iya sare ɗaya ko wace shekara, ka bar sabo ya maye gurbinsa.

Gawo ya kan tsiro daga kashin dabbobi, ƙanƙane ƙwarai, fartanya ba ta ganinsa. Ka kafa masa tsinke, ka faɗa wa yara masu noma su kauce masa.

Abu ɗaya kuma, kada ka yi shi kai kaɗai. Itatuwan gona ɗaya a tsakiyar fili, idon dukan masu neman itacen girki a kansu ya ke. Ka yi magana da maƙwabtanka na gabas da yamma, ku tafi wurin mai gari tare, a kira makiyayan da ke bi ta wurin da rani, a shirya abin da za a iya yanka domin dabbobi da abin da ba za a taɓa ba. Masu karatunmu na Nijeriya kuma su tambayi ma'aikacin gandun daji na yankinsu abin da doka ta ce a kan itacen da mutum ya rena a gonarsa, tun kafin itacen ya yi girma.